Tsakanin Awo Da Awo: Yadda Mai Ciki Mai Haɗari Za Ta Riƙe Zuciyarta

Godiya ta tabbata ga Allah Mai rayawa, Masanin abin da mahaifu suke ɓoyewa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wata Asuba an yi sallama jama'a sun fara watsewa, sai wani magidanci daga cikin masu sahun farko ya ƙi tashi. Sai da ladan ya kashe lasifika ya fita, sannan ya matso ya durƙusa. Ya ce, “Allah gafarta Malam, maganar iyalina ce. Cikinta wata shida. Ranar awo aka ce jininta ya hau, aka ce cikin nan sai an sa masa ido. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata. In na farka cikin dare sai in tarar da ita zaune, hannunta a kan cikin, tana jiran ta ji motsi.” Mun san gidan. Mun kuma san cewa shekara biyu kafin nan mun raka shi maƙabarta da ɗan da aka haifa masa ba rai. Saboda haka ba mu tambaye shi abin da take tsoro ba.

Abin da ya kawo shi, wata malamar asibiti ce ta tura wa matar wani sauti a waya, ta ce ta riƙa zama minti goma safe da dare tana bin abin da muryar take faɗa, tana lura da shigar numfashinta da fitarsa. Matar ta fara, har ta ɗan ji sauƙi, sai wata maƙwabciya ta ce mata wannan ai bautar mabiya addinin Buda ce. Shi ne ya zo ya ji: ta ci gaba ko ta bari? Mun ba shi amsa a gurguje a ranar, amma tambayar ta fi ƙarfin amsar bakin ƙofar masallaci, kuma gidajen da suke cikin irin wannan hali suna da yawa.

Likitoci suna cewa ciki yana da haɗari idan akwai wani dalili da yake ƙara yiwuwar matsala ga uwa ko ga abin da take ɗauke da shi. Hawan jini yana ciki, haka ciwon suga, da sikila, da ciwon zuciya, da ƙarancin jini mai tsanani. Akwai cikin tagwaye, da mabiyiyar da ta sauko ta tare bakin mahaifa, da wadda aka taɓa yi wa tiyata, da wadda ta sha ɓari ko ta taɓa haihuwar bakwaini. Yarinya ƙarama da wadda ta haura shekara 35 da wadda ta haihu sau biyar ko fiye, duk ana ƙara sa musu ido. Kalmar ba ta nufin lalle wani abu zai faru, kuma da yawa daga cikinsu suna sauka lafiya idan sun samu kulawa. Sai dai tsoron matanmu yana da tushe. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, mata kusan 287,000 ne suka rasu a duniya a shekarar 2020 sanadin ciki da haihuwa, kuma kimanin 82,000 daga cikinsu a Nijeriya ne, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu. Da wuya ka samu matar da ba ta san wata da ta tafi ta wannan hanya ba. Wanda zai ce wa irin wannan mata “daina tsoro, ba komai” bai gaya mata abin da za ta iya riƙewa ba.

Likita yana ganinta minti goma ko sha biyar, ya auna jini, ya saurari bugun zuciyar ɗa, ya rubuta magani, ya ce ta dawo bayan mako biyu. Sauran kwana goma sha huɗun ita kaɗai ce da zuciyarta. A cikin waɗannan kwanaki ne saƙe-saƙe yake yin aikinsa. Ɗan ciwon kai ya zama alamar mutuwa, ɗan jinkirin motsi ya zama an sake komawa gidan jiya. Jiki kuwa ba ya bambance haɗarin da yake gabansa da wanda zuciya ta zana masa: bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, kafaɗu su sandare, barci ya gudu, abinci ya fita a rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 10 cikin 100 na masu juna biyu a duniya suna fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, galibi ciwon damuwa, kuma adadin ya haura kashi 15 a ƙasashe masu tasowa. Mu kam a gidajenmu sunan abin “tunani” ko “shagwaɓar ciki”, daga nan sai a wuce.

Sautin da aka tura wa matar nan reshe ne na wani horo da Turawa suke kira maindifulnes, wanda za mu kira shi halartar da hankali. Ma'anarsa mutum ya tsayar da hankalinsa da gangan a kan abin da yake faruwa da shi yanzu, kamar numfashi ko abin da yake ji a jikinsa, ba tare da ya yi kokawa da shi ba, kuma duk lokacin da hankalin ya zille ya dawo da shi a hankali. Wanda ya shigar da shi asibiti wani masanin kimiyya ne Ba'amurke, Jon Kabat-Zinn, a makarantar koyon likitanci ta Jami'ar Masacusets a 1979. Ya tsara shi a matsayin darasi na mako takwas ga marasa lafiyar da ciwo ya daɗe musu, ana haɗuwa sau ɗaya a mako, sannan kowa ya yi kusan minti 45 kullum a gida. A 1998 wata ungozoma mai suna Nancy Bardacke ta fito da nau'insa na masu juna biyu a Kalifoniya. A ajinta akan sa mace ta damƙi ƙanƙara a hannu na tsawon minti guda, kwatankwacin tsawon murɗar naƙuda ɗaya, domin ta koyi zama da zafi tana numfashi ba tare da ta firgice ba, ta kuma gane cewa tsakanin murɗa da murɗa akwai hutu, wanda mafi yawan mata suke cinye shi da fargabar murɗar da ke tafe.

An yi gwaje-gwaje a kansa. A wani da Sona Dimidjian da Sherryl Goodman da abokan aikinsu suka wallafa a 2016, an raba mata 86 masu ciki waɗanda suka taɓa yin ciwon damuwa gida biyu, aka koya wa ɓangare ɗaya wannan horo, aka bar ɗayan a kan kulawar da aka saba. Ciwon ya fi dawowa waɗanda ba a koya wa ba. Galibin irin waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, kuma abin da suka fi nunawa shi ne raguwar fargaba da damuwa. Wannan iyaka ce da ya kamata a riƙe ta da kyau, za mu dawo kanta.

To, maganar maƙwabciya fa? Ba ƙarya ta yi ɗungurungum ba. Kabat-Zinn ya koyi zaman ne a hannun malaman addinin Buda, bai kuma ɓoye ba, sai dai ya cire aƙidar da ibadodin ya bar horon hankalin. Mu ma bai dace mu ɓoye wannan asali ba, balle mu yi da'awar cewa daga littattafanmu aka kwafa, kamar yadda wasu masu zaƙewa suke yi da duk abin da ya burge su. Abin dubawa shi ne ƙa'idar da Shari'a ta ba mu. Ibada ba a yin ta sai da izini, amma al'amuran al'ada da na magani asalinsu halacci ne sai in an samu abin da ya hana. A Sahihu Muslim, Aufu ɗan Malik (RA) ya ba da labarin cewa sun tambayi Manzon Allah (SAW) game da tofin da suke yi tun zamanin jahiliyya, sai ya nemi su bijiro masa da shi ya gani, ya kuma yi izini da duk wanda babu shirka a cikinsa. Asalin abu kaɗai bai isa ya haramta shi ba, sai an duba abin da yake ƙunshe da shi.

Saboda haka abin da muka gaya wa magidancin nan shi ne ya zauna ya saurari sautin da kunnensa daga farko har ƙarshe. In lura da numfashi ne da sassauta gaɓoɓi, to wannan ɗan'uwan motsa jiki ne, ta ci gaba. In kuwa akwai maimaita wasu kalmomi da ba a san ma'anarsu ba, ko kiran wani abin bauta, ko koyar da cewa mutum shi ne Ubangijin kansa ko zai narke ya zama ɗaya da halitta, to a goge shi. A ɗaya gefen kuma, kada mai ciki ta ɗauki ƙirgen numfashi a matsayin ibadar da take neman lada da ita, ko wani ya tsara mata adadi ya ce Sunna ce. Magani sunansa magani.

Sai dai kuma Musulma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Malamanmu sun daɗe suna magana a kan halartar zuciya a cikin sallah, da kushu'i, da muraƙaba, wato bawa ya riƙa jin cewa Allah Yana kallonsa, kamar yadda aka bayyana matakin ihsani a hadisin Mala'ika Jibrilu. Harisu Al-Muhasibi, wanda ya rasu a 243 bayan Hijira, laƙabinsa ma daga yawan bin diddigin zuciyarsa ya samo shi. Imam Gazali, wanda ya rasu a 505, ya ware littafi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan muraƙaba da muhasaba. Wanda ya fi kusa da maganarmu shi ne Abu Zaid Al-Balki, wanda ya rasu a 322. A littafinsa Masalihul Abdani Wal Anfus ya yi bayanin tsoro da baƙin ciki da wasiwasi a matsayin cututtukan da ake jinya, ya kuma ba da shawarar mutum ya tanadi tunani mai kyau tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida don ranar da ciwo zai zo ba zato. Wannan shi ne dalilin da ya sa ake son mai ciki ta saba da horon tun kwanaki suna lafiya. Ba a koyon iyo ranar da kwale-kwale ya kife.

Bambancin da ke tsakani a bayyane yake. Horon asibiti yana koya wa mace ta zauna da numfashinta a wannan lokacin da take ciki. Muraƙaba tana ƙara mata sanin cewa a wannan lokacin ba ita kaɗai ba ce, Wanda Ya ba ta numfashin Yana tare da ita da saninSa da jinƙanSa. Aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta danganta natsuwar zukata da ambaton Allah, aya ta 8 a surar kuma ta yi magana a kan sanin Allah ga abin da ke cikin mahaifu, ƙaruwarsa da raguwarsa. Matar da take jiran sakamakon hoton ciki za ta samu abin jingina a waɗannan ayoyi biyu idan aka fassara mata su ta fahimta.

Akwai wani abu da yake azabtar da mata masu tsoron Allah fiye da sauran, wanda horon asibiti ba zai taɓo shi ba. Mace tana tsoro, sannan tana tsoron tsoron nata. Gani take da imaninta ya cika da ba ta ji fargaba ba, kuma munanan tunanin da suke gilma mata zunubi ne ko munana zato ga Ubangiji. Wasu masu wa'azi, mu ma ba mu cire kanmu ba, mun taimaka wajen dasa wannan, saboda yadda muke siffanta tawakkali kamar zuciyar da ba ta girgiza. Alhali Alƙur'ani ya ba mu labarin Nana Maryam, wadda aka zaɓa a kan matan duniya, lokacin da naƙuda ta kai ta gindin dabino, har ta yi burin ina ma ta mutu kafin wannan rana. Ba a zarge ta ba. An lallashe ta, aka nuna mata ruwa, aka umarce ta ta girgiza dabinon, ta ci, ta sha, ta kwantar da hankalinta. Suratu Luƙman da Suratul Ahƙaf duk sun siffanta ɗaukar ciki da rauni da wahala. Kuma Buhari da Muslim sun ruwaito cewa an yafe wa wannan al'umma abin da zukata suke saƙawa matuƙar ba a furta ko an aikata ba. Tunanin da ya faɗo wa mai ciki da tsakar dare cewa ɗanta zai mutu, ba zunubi ba ne, ba wahayi ba ne, ba kuma labarin gaibu ba ne. Tunani ne, ya zo, zai wuce. Mun ga mata da dama da wannan fahimta kaɗai ta sauke musu rabin kayan.

Yadda za ta yi kuwa abu ne mai sauƙin faɗa. Ta zaɓi lokaci biyu da ba sa canzawa, misali bayan Asuba da kafin barci. Ta zauna ta jingina bayanta da matashi, ko ta kwanta a gefenta, domin idan ciki ya kai mako 28 ana son ta guji daɗewa a rigingine, saboda nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da take mayar da jini zuwa zuciya. Ta ɗora hannu a cikinta ta lura da numfashi yana shiga yana fita, ba tare da ta riƙe shi ko ta tilasta shi ba. In ta bar fitarsa ta ɗan fi shigarsa tsawo, bugun zuciya yakan lafa, wannan halittar jiki ce. Ba za a yi daƙiƙa ashirin ba hankalinta zai tafi asibiti, ko maƙabarta, ko kuɗin tiyata. In ta farga, ta ce a ranta “wannan tsoro ne”, ta dawo. Zai sake tafiya, ta sake dawo da shi. Yawancin masu farawa suna bari a nan, suna cewa ba su iya ba, alhali dawowar ita ce horon. Shari'ar da ta tanadar mana ƙabli da ba'adi ta riga ta san cewa hankalin ɗan Adam yana zillewa ko a gaban Ubangijinsa. Minti biyar sun isa a farko.

Idan jiki ya lafa, sai ta shiga azkar ɗinta a tsanake, tana jin ma'anar abin da take faɗa. Lokacin da Nana Faɗima (RA) ta koka da wahalar aikin gida ta nemi mai taimako, mahaifinta (SAW) ya koya mata ita da Sayyidina Ali tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 idan za su kwanta. Wannan kyauta ce da aka fara bai wa mace mai gajiya. Bambanci ne babba tsakanin wadda ta ja su a guje yatsunta suna tsere, da wadda ta ba kowace kalma haƙƙinta. Haka alwala: ta ji sanyin ruwan a fuskarta da damatsanta maimakon ta gama ba ta san ta yi ba. Haka sallah. Imrana ɗan Husaini (RA) yana fama da basur, Manzon Allah (SAW) ya ba shi izinin ya yi sallah a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kan gefensa. Matar da aka ba gado a asibiti, ko aka hana ta yawan motsi, sallarta a zaune ko a kishingiɗe cikakkiya ce, kada ta ƙara wa kanta damuwar cewa ta tauye.

Wani lokaci zaman shiru yakan tono abin da aka binne. Wadda ta taɓa rasa ɗa a ɗakin haihuwa, tana rufe ido sai ta gan ta a can, ƙirjinta ya toshe. In haka ta faru ta buɗe ido, ta dubi abin da ke kewaye da ita, ta tashi ta ɗan taka, ta nemi wanda za ta yi magana da shi. Kada a ce lalle sai ta jure. Idan kuma baƙin ciki da rashin jin daɗin komai suka lizimce ta mako biyu ko fiye, ko ta fara jin gara ta mutu, to wannan ciwo ne da ake faɗa wa likita kamar yadda ake faɗa masa zazzaɓi, kuma yana da magani. A yi mata addu'a, a yi mata ruƙiyya ta Shari'a, a kuma kai ta asibiti.

Yanzu mu dawo kan iyakar da muka ambata, domin a nan ne rai yake iya salwanta. Numfashi da zikiri suna kwantar da fargaba, amma ba sa warkar da hawan jinin masu ciki mai kai wa ga jijjiga. Tushen wannan ciwo yana cikin mabiyiya, yakan bayyana bayan mako 20, ana gane shi idan awon jini ya kai 140 bisa 90 tare da alamu irin su furotin a fitsari, kuma maganinsa yana hannun likita: ƙwayoyin saukar da jini, allurar magnesiyam salfet mai hana jijjiga, wani lokaci kuma a ciro ɗan kafin lokacinsa. Matar da ta ji ciwon kai mai tsanani da ba ya sauka, ko ta ga gari yana mata dishi-dishi ko walƙiya, ko fuskarta da hannayenta suka kumbura farat ɗaya, ko ta ji ciwo a saman ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ba lokacin zama a ja numfashi ba ne. Haka in ta ga jini, ko ruwa ya fashe, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko motsin ɗa ya ragu daga yadda ta saba ji. Duk waɗannan a ranar ake tafiya, ko da tsakar dare ne, ba a jiran ranar awo.

A nan ne ma amfanin horon ya fi fitowa, in an fahimce shi. Matar da fargaba ta cika wa kai, komai a wurinta ƙararrawa ce, har ta kai ’yan gida sun gaji sun daina ɗaukar kukanta da muhimmanci. Wadda ta saba zama tana sauraron jikinta kullum ta san yadda ɗanta yake motsi bayan ta ci abinci, ta san irin ciwon kan da ta saba, saboda haka ranar da wani abu ya canza ita za ta fara ganewa, kuma za ta iya gaya wa malamar asibiti a fili: tun jiya da La'asar ban ji shi kamar yadda na saba ba. Natsuwar da muke nema mata irin wannan ce, mai buɗe ido. Wadda take sa mace ta yi shiru da ciwo don kada a ce ta cika raki, wannan kunya ce aka sa mata rigar haƙuri, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Sau da yawa ana aiko mana da tambaya: mai ciki ta ga jini, ta yi sallah ko ta bari? Mas'ala ce ta saɓani. Malikiyya da Shafi'iyya suna ganin mai ciki tana iya yin haila, Hanafiyya da Hanbaliyya suna ganin jinin ciwo ne, ba ya hana sallah. Amma mukan ce wa mai tambayar, ka fara kai ta asibiti, in an tsayar da jinin ka dawo mu yi fiƙihun. Sallah tana da ramuwa. Haka azumi: Shari'a ta sauƙaƙa wa mai ciki idan ta ji tsoro ga kanta ko ga abin da ke cikinta, kuma mashhurin zance a mazhabar Malikiyya shi ne ta rama kawai. Mai ciwon suga ko hawan jini da likita ya ce kada ta yi azumi, nacewarta ba ƙarin taƙawa ba ce. Sannan hadisin da ya lissafa matar da ta rasu wajen haihuwa cikin shahidai, wanda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, bushara ce gare ta da ta'aziyya ga danginta. Bai wanke mijin da ya hana ta awo ba, bai kuma wanke wanda ya tsaya jiran gari ya waye alhali da mota a ƙofar gida ba.

Tun 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka nuna cewa jinkiri uku ne suke kashe masu haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin isa asibiti, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na farkon gaba ɗayansa a cikin gida yake. Saboda haka mai gida yana da rabo babba a natsuwar matarsa, fiye da kowane sauti a waya. Ya ba ta izini a buɗe, a gaban mahaifiyarsa da ’yan gida, cewa duk lokacin da ta ga alama a tafi ko ba ya nan. Ya ware kuɗi a wurin da ta sani. Ya yi magana da mai mota ko mai a-daidaita-sahun da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Ya san rukunin jininta, ya samu mutum biyu ko uku da suka yarda za su bayar. Ya tabbatar tana zuwa awo, wanda tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya take son ya kai sau takwas ko ga ciki mai lafiya. Matar da ta san an yi wannan tanadi, tunanin “in abu ya faru cikin dare fa?” ya riga ya samu amsa, ba sai ta yi ta kokawa da shi ba. Ai wanda ya tambaya ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, ɗaure ta aka ce ya fara yi.

Mata masu zuwa dubiya kuma, don Allah a rage. Ba mu san dalilin da ya sa da an ga mai ciki sai a tuna da wance da jini ya ɓalle mata, da wance da aka shiga da ita tiyata ba ta fito ba, a rufe da cewa ai kabarin mai ciki a buɗe yake. Ku tafi, ku bar ta da wannan har Asuba. “Allah Ya raba lafiya” ta wadatar, in an haɗa da ɗauke mata wanki ko girkin rana ɗaya ya fi. Uwar miji da abokiyar zama da suka karɓe mata aiki na minti goma don ta samu ta zauna shiru, sun shiga cikin ladan.

Magidancin nan ya saurari sautin, bai samu abin ƙi ba, matar ta ci gaba, tana bin sa da azkar ɗinta. Ya ce barcin bai dawo duka ba, amma ta daina kwana a zaune. Ana saura kusan wata guda lokacinta ya cika, wata ranar Alhamis da Magariba ta ce masa kanta yana ciwo irin wanda ba ta saba ji ba, kuma tana ganin wasu ɗige-ɗige masu haske. Ya ce shi da farko cewa ya yi ta sha ruwa ta kwanta zuwa safe. Ta ce, “A'a Malam, wannan daban ne, mu tafi yanzu.” A daren aka yi mata tiyata. ’Yar ta yi kwanaki a kwalba, uwar ma sai da aka riƙe ta har jinin ya sauka, shi ya sa aka raɗa sunan ba su dawo gida ba. Da safiyar sunan, bayan an shafa Fatiha, mun roƙi ladan ya kawo littafi ya ajiye a bakin ƙofar masallaci, duk wanda ya yarda a kira shi idan wata mai haihuwa a unguwar ta buƙaci jini ya rubuta sunansa da lambarsa. Uban jaririyar ne ya fara rubutawa.